Yadda ake cajin mota mai aiki da lantarki

Motoci masu aiki da lantarki na ƙara yawa a titunan duniya. Alƙaluman Hukumar Makamashi ta Duniya sun nuna cewa an sayar da irin waɗannan motoci fiye da miliyan 17 a shekarar 2024, wato sama da ɗaya cikin kowaɗanne sabbin motoci biyar, kuma fiye da rabinsu a ƙasar Sin.

A Najeriya, janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya sa mutane da dama sun fara tunanin ko irin wannan mota za ta rage musu kashe kuɗi. Amsar ta dogara ne a kan batun caji: inda za a samu wutar, da tsawon lokacin da cajin zai ɗauka, da kuma kuɗin da zai ci.

Ma'auni biyu

Akwai ma'auni biyu da ya kamata a fara fahimta.

Na farko shi ne kilowat, wanda ke nuna ƙarfin da wuta ke shiga batir da shi. Na biyu kuma kilowat-awa, wanda ke nuna yawan wutar da batir ke iya ɗauka. Kilowat-awa ɗaya shi ne yunit ɗaya da ake saye a mitar kati.

Idan aka kwatanta batir da tankin ruwa, kilowat-awa shi ne girman tankin, kilowat kuwa shi ne ƙarfin zubar famfo.

Batiran yawancin motocin hawa na ɗaukar yunit 40 zuwa 100, kuma mota kan ci yunit 15 zuwa 20 a tafiyar kilomita 100. Ke nan tafiya daga Kano zuwa Kaduna, mai nisan kimanin kilomita 230, za ta ci yunit 35 zuwa 46.

Domin sanin tsawon lokacin caji, sai a raba girman batir da ƙarfin caja, sannan a ƙara ɗan lokaci saboda wutar da ke salwanta ta hanyar zafi.

Hanyoyi uku na caji

Wutar da ke zuwa gidaje nau'in AC ce, mai sauya alƙibla sau da dama a cikin daƙiƙa guda. Shi kuwa batir nau'in DC yake adanawa, wadda ke bin hanya ɗaya. Saboda haka dole a juya wutar kafin ta shiga batir, kuma wurin da ake juyawar ne ke bambanta caji mai jinkiri da mai sauri.

Hanya ta farko ita ce soket na gida. A ƙasashe irin su Najeriya da Nijar, inda ƙarfin wutar gida ke tsakanin bolt 220 da 230, soket kan bayar da kusan kilowat 2.3. Batir mai ɗaukar yunit 60 zai buƙaci fiye da sa'o'i 26 kafin ya cika daga ƙasa.

Hanya ta biyu ita ce akwatin caji da ake kafawa a bangon gida ko wurin aiki. Wannan kan bayar da kilowat 7.4, wanda zai cika batirin cikin sa'o'i takwas zuwa tara. Inda ake da wutar layi uku, yana iya kaiwa kilowat 11 ko 22.

A waɗannan hanyoyi biyu, wata na'ura da ke cikin motar ce ke juya wutar, kuma tana da iyaka. Motar da na'urarta ke karɓar kilowat 7 ba za ta wuce haka ba, ko da an jona ta da akwati mai kilowat 22.

Hanya ta uku ita ce caji mai sauri a tashoshin da ke kan manyan hanyoyi. A nan tashar ce ke juya wutar da kanta, ta zuba ta kai tsaye cikin batir da ƙarfin kilowat 50 zuwa 350. Ana iya ɗaga batir daga kashi 10 zuwa kashi 80 cikin ɗari a tsakanin minti 20 da sa'a guda.

Sai dai kuma ba kasafai ake barin batir ya ƙare gaba ɗaya ba. Mai tafiyar kilomita 40 a rana yana buƙatar kimanin yunit 7 ne kawai, abin da soket zai mayar cikin sa'o'i uku zuwa huɗu. Wannan ne ya sa a ƙasashen da motocin suka yawaita, akasarin caji a gida ake yin sa da daddare.

Dalilin tsayawa a kashi 80

Caji mai sauri ba ya tafiya da ƙarfi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Da zarar batir ya doshi kashi 80 cikin ɗari, kwamfutar motar kan rage ƙarfin wutar domin kare shi, kamar yadda mai cika jarka kan sassauta zubi idan ruwa ya zo wuya.

Kashi 20 na ƙarshe na iya ɗaukar lokacin da ya kusan kai wanda aka ɗauka tun daga farko. Don haka matafiya kan cire wayar a kashi 80 su kama hanya.

Kamfanoni da dama na ba da shawarar a riƙa ajiye batir tsakanin kashi 20 da kashi 80 a zirga-zirgar yau da kullum. Amma nau'in batir da ake kira LFP, wanda ya yawaita a motocin ƙasar Sin, ya fi jure cikawa zuwa ɗari bisa ɗari.

Zafi ma na saurin tsofar da batir. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai, inda zafi kan wuce digiri 40 a lokacin bazara, ya fi dacewa a yi caji a inuwa ko bayan faɗuwar rana. Yawancin kamfanoni na ba da garantin shekara takwas ko kilomita 160,000 a kan batir.

Bakin waya ba ɗaya ba ne

Kamar yadda cajar wata wayar salula ba ta shiga wata, haka bakin cajin motoci ya bambanta daga yanki zuwa yanki.

A Turai ana amfani da Type 2 domin caji na gida, da CCS2 domin caji mai sauri, bisa wata doka da Tarayyar Turai ta yi a 2014. Ƙasar Sin na da nata tsarin mai suna GB/T. Japan ta fito da CHAdeMO, wanda ake gani a tsoffin motocin Nissan Leaf.

A Amurka an daɗe ana amfani da Type 1 da CCS1, kafin a 2023 kamfanonin Ford da General Motors su sanar cewa za su koma tsarin kamfanin Tesla, wanda ake kira NACS.

Wannan batu na da muhimmanci ga ƙasashen Afirka ta Yamma, inda ake shigo da motoci daga dukkan waɗannan yankuna. Motar da aka sayo daga Amurka ba lallai ne ta dace da tashar da aka kafa da kayan Turai ko na Sin ba. Akwai adafta ga wasu nau'o'in, amma ta caji mai sauri tana da tsada.

Kariya

Caji na jan wuta mai yawa na tsawon sa'o'i ba tsayawa, fiye da yadda dutsen guga ko firji ke yi. Tsohon soket ko siririyar waya na iya yin zafi har su haddasa gobara.

Masana na gargaɗin a guji amfani da wayar ƙarin tsawo, a kuma nemi ƙwararren mai gyaran wuta ya ja wa cajar layinta daban, tare da na'urar katse wuta. Haka kuma dole ne gidan ya kasance da wayar kariya da ake binnewa a ƙasa, domin motoci da yawa ba sa karɓar caji idan babu ita.

Kuɗi da samun wuta

A watan Afrilun 2024, hukumar kula da lantarki ta Najeriya, NERC, ta ɗaga farashin yunit zuwa naira 225 ga masu rukunin Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar sa'o'i 20 a rana. A wannan farashi, yunit 60 sun kama naira 13,500, kuma za su kai mota fiye da kilomita 300.

Motar fetur mai shan lita 8 a kilomita 100 za ta sha lita 24 a tafiyar kilomita 300. A ƙarshen 2024, lokacin da lita ta kai kusan naira 1,000, kuɗin ya doshi naira 24,000.

Babbar matsalar ita ce samun wutar kanta. A watan Oktoban 2024, jihohin arewacin Najeriya da dama sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan lantarki. Ƙaramin janareta na gida ba ya kai ƙarfin da caji ke buƙata, babba kuwa zai cinye rarar da ake nema a kuɗin mai.

Wannan ya sa hankali ya karkata ga hasken rana. A 2021 hukumar bunƙasa ƙera motoci ta Najeriya, NADDC, ƙarƙashin Jelani Aliyu, ta buɗe tashar caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, sannan ta buɗe wata a Jami'ar Legas.

A yankin da rana ke da ƙarfi, farantin sola mai wat 400 kan samar da kimanin yunit 2 a yini. Farantai huɗu ko biyar na iya biyan buƙatar mai tafiyar kilomita 40, muddin motar na gida da rana, ko kuma akwai wani batir da zai adana wutar zuwa dare.