Kifin Kaf da Danginsa: Abin da Ke Yanke wa Kifi Daraja a Turai da Kasuwannin Salaga, Yendi da Bawku

A watan Satumba na 1952 wani Bature mai suna Richard Walker ya kama kifin kaf mai nauyin kusan kilo 20 a wani ɗan tafki da ake kira Redmire a yammacin Ingila. Bai yanka shi ba, bai kuma kai shi kasuwa ba. An ɗauke shi da ransa zuwa gidan namun daji na Landan, ya yi shekara da shekaru a can jama'a na zuwa kallonsa. Irin wannan kifin ne doka ta hana mayar da shi ruwa da rai a wasu jihohin Ostireliya. Shi ne kuma abincin daren Kirsimeti a ƙasashen Cek da Polan, shi ake gasawa a bakin kogin Dijla a Bagadaza. Tambayar wannan nazari ita ce, me ke sa al'umma ta ɗaukaka wani kifi, wata ta tsane shi? Amsar ta shafi arewacin Ghana kai tsaye, domin yanki ne da aka cika da ƙananan madatsun ruwa, kuma duk inda ruwa ya kwanta sai an yi shawarar irin kifin da za a zuba masa.

Kaf, wanda masana ke kira Cyprinus carpio, asalinsa kogunan da ke gangarawa tekunan Bahar Aswad da Kasfiyan ne, irin su Danube, yana kuma da ɗan'uwa na kusa a ƙasar Sin. Kiwonsa a ƙasan ruwa yake yi: ya tsotsi laka, ya tace tsutsa da ƙwayoyin tsirrai, ya furzar da sauran. Yana jure ruwa mai dauɗa da ƙarancin iska, macen kuma takan zuba ƙwai dubu ɗaruruwa a kaka guda. Mai karatu da ke sayen kifi a Nijar ko Burkina Faso ko Togo ya lura, abin da ake kira da wannan suna a kasuwanninsu karfasa ce, ba ta da dangantaka da wanda muke magana a kai.

A tsakiyar Turai yunwa ce ta ba kaf daraja. Kiristocin zamanin da suna da ranakun azumi masu yawa da ba a cin nama a cikinsu, ga teku da nisa, ga babu hanyar sanyaya kifi. Kaf yana girma a tafkin da aka haƙa, yana kuma isa kasuwa da rai a cikin gangar ruwa. Sai gidajen ibada da masu sarauta suka duƙufa haƙa tafkuna. Na Rozmberk a kudancin ƙasar Cek, wanda aka gama a 1590, har yau ana kiwon kaf a cikinsa. A Sin kiwonsa ya haura shekara dubu biyu, a Japan kuma manoman yankin Niigata suka fitar da masu launi da ake ajiyewa don ado.

Amurka ta shigo da kaf daga Jamus a 1877 da hannun hukumar kifi ta gwamnati, aka rarraba shi a jiragen ƙasa da niyyar samar wa jama'a abinci mai araha. Zuwansa ya zo daidai da lokacin da sare dazuzzuka da dattin masana'antu ke lalata kogunan ƙasar. Kifayen gida suka ragu, kaf ya yaɗu, aka ɗora masa laifin duka, har da wanda na mutane ne. Tun da Amurkawa suna da naman shanu da kifayen da suka saba da su, sai ya zama abincin talaka da baƙin haure, aka raina shi. A Ostireliya kuwa ƙiyayyar tana da hujja mai ƙarfi, ruwa ba ya tsami banza. Ambaliyar shekarun 1970 ta baza shi a kogunan Murray da Darling, har a wasu wurare ya zama mafi yawan nauyin kifin da ke cikin ruwa, yana tumɓuke ciyayi yana dagula ruwa. A 2016 gwamnatin ƙasar ta ware dala miliyan 15 na kuɗinta don nazarin yiwuwar sakin ƙwayar cutar da za ta kashe shi.

Kada mu ɗauka wannan labarin na nesa ne. Giwan ruwa, wanda duk mai kama mafi girmansa a Matan Fada ta Argungu ke tashi da kyauta, an zuba shi a tafkin Biktoriya na gabashin Afirka a shekarun 1950, ya kuma taimaka wajen ɓacewar wajen nau'i 200 na ƙananan kifayen tafkin. A Kabi sarkin kifi ne, a can kuwa masana na lissafa shi cikin manyan ɓarnar da aka yi wa ruwa a ƙarnin da ya wuce. Kaf kansa ya taɓa zuwa kusa da mu: gonar kifi ta Panyam a Filato, wadda aka kafa a 1951, ta karɓo shi daga Ostiriya a 1954. Bayan shekara saba'in, tarwada ce ta mamaye kiwon kifi a Najeriya, kaf bai samu gindin zama a tukunyar Bahaushe ba.

Daga nan za a ga abubuwa uku da ke yanke hukunci: ko kifin ɗan gida ne a ruwan da yake ciki, da yadda yake isa tukunya daga bakin ruwa, da kuma ko mai kamun yana neman abinci ne ko nishaɗi. A Salaga da Yendi da Bawku na arewacin Ghana, na biyun ya fi nauyi, kuma shi ne aka fi mantawa da shi.

Babu ɗaya cikin garuruwan nan uku da ya kafu a kan kamun kifi. Salaga kasuwar goro ce, inda fataken Kano da Katsina ke sauka a zamanin cinikin Gwanja, kafin yaƙin basasa na 1892 ya watsa ta, malamai irin su Alhaji Umaru suka koma Kete-Krachi. Garin Salaga ya yi suna da yawan rijiyoyi, alamar cewa ba a bakin kogi yake ba. Madatsar Akosombo, wadda aka kammala a 1965, ita ta jawo ruwa kusa da shi. Tafkin Volta ya shimfiɗu a kan kimanin murabba'in kilomita 8,500, aka tashi mutane kusan 80,000, Makango ta zama mashigar jirgi zuwa Yeji, Yeji kuma ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin kifin ruwan daɗi a Ghana. Masunta 'yan Tongu, waɗanda madatsar ta kashe wa sana'a a ƙasan kogi, suka hauro suka kafa ƙauyuka a gaɓar tafkin. Kamu ya kai kimanin tan 60,000 a 1969 kafin ya sauka.

Abin da ya faru a ƙarƙashin ruwan shi ne ya fi jan hankalin mai nazari. Kaf yana da dangi 'yan asalin kogunanmu, su ne farin dumi da baƙin dumi, waɗanda masana ke sa wa a jinsin Labeo. Kifaye ne masu kaurin leɓe, suna kankarar gansakuka a jikin duwatsu da itace, idan ruwan damina ya sauko sai su haura kogi su yi ƙwai a fadamun da ambaliya ta rufe. Da kogi ya zama tafki, karfasa mai son kwantaccen ruwa ta yawaita a kudancinsa, kifayen kogi irin su dumi da faliya da kurungu suka fi samuwa a rassan arewa, inda Farin Volta da Baƙin Volta da Oti ke shigowa. Wato ƙasar Gwanja da Dagwamba ita ce mafakar dangin kaf a Ghana, ba tare da an shigo da ko ɗaya daga waje ba.

Yendi, fadar Ya Na, tana shan ruwan kogin Daka, wanda kan ja baya sosai da rani har garin ya shiga wahalar ruwa, Oti kuma yana gabas, inda Konkomba ke su a kududdufan da ambaliya ke bari. Bawku tana kusa da Farin Volta, amma makantar kogi ta daɗe tana korar mutane daga kwarin, sai da shirin yaƙi da cutar ya fara a 1974 aka soma komawa. Yanzu cikar kogin ta dogara ƙwarai da madatsar Bagre ta Burkina Faso, wadda kan saki ruwa wajen Agusta ko Satumba.

Sakamakon wannan nisa da ruwa shi ne, uwargida a zangon Yendi ko na Bawku ta fi sanin kifi a matsayin banda, ko amani, ƙananan busassun kifin da ake hauro da su daga kudu a daka a zuba a miyar ayoyo ta tuwon zafi. Mizaninta na kifi mizanin banda ne. Shin yana shan hayaƙi ya bushe har ciki? Zai jure kwando da mota ba tare da ya marmashe ba? Za a iya ba yaro ba fargabar ƙaya? Tarwada ta cika duka ukun. Tana shaƙar iska, don haka takan daɗe da rai bayan an fitar da ita daga ruwa, ana lanƙwasa ta a kyafe ta yi kyau, tsokarta kuma ba ta da ƙananan ƙayoyi. Dumi, kamar dukan dangin kaf, yana da siraran ƙayoyi a cikin tsokarsa. Ana kama shi, ana kyafe shi, ana ci, amma ba sunansa ake ambata ba idan ana maganar kifin fita kunya. Karfasa kuwa birane ne suka ɗaga ta, gasasshiya da banku, kuma a kanta aka gina kiwon keji a tafkin Volta.

A ganina wannan hukunci na kasuwa yana da dalili, amma bai isa ya zama na ƙarshe ba. A Indiya da Bangaladash akwai kifin da ake kira rohu, jinsinsu ɗaya da dumi, ƙayarsu iri ɗaya, yana kuma cikin manyan kifayen da ake kiwo ana kai wa gidan biki. Mutanen can sun koyi yanka shi da dafa shi yadda ƙayar ba ta dame su ba. Abin da ya hana dumi wannan matsayi a wurinmu rashin bincike ne da rashin sabo.

Addini da al'ada ma suna da ta cewa. Yahudawa da mabiya mazhabar Ja'afariyya ba sa cin kifin da ba shi da ɓawo, don haka kaf halal ne gare su, tarwada kuwa a'a. Mazhabar Malikiyya da zangunanmu ke bi ta halatta dabbobin ruwa gaba ɗaya, shi ya sa malami bai shiga tsakanin Bahaushe da tarwadarsa ba. A Techiman kuma al'ada ta hana taɓa kifin kogin Tano, a Bobo-Dioulasso tarwadar Dafra abin girmamawa ce. Inda ra'ayoyi suka fi rabuwa shi ne batun kamawa a saki. Masu fatsa a Ingila kan kwana a bakin tafki da kayan dubban fam, su kama kaf, su auna, su ɗauki hoto, su mayar. Wani da suka sa wa suna Benson an kama shi fiye da sau 60 kafin ya mutu a 2009. Masuncin da ya kwana yana jan taru a Makango don ciyar da gida ba zai ga hikimar wannan ba, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu ta karhanta farauta don wasa kawai. Ba mu kaɗai ke da wannan ƙyama ba: Suwizalan ta hana yin fatsa da niyyar sakin kifin tun farko, a Jamus ma dokar kare dabbobi ta sa abin cikin takura. Duk da haka akwai abin koyi a wurin Ingilishin. A kogunansu ana rufe kamun irin waɗannan kifaye daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni kowace shekara, domin su yi ƙwai.

To, a zuba kaf a madatsun arewacin Ghana? Amsata a'a ce. Madatsar ƙauye, ko tsohuwa ko ta shirin madatsa ɗaya a kowane ƙauye da aka fara a 2017, ba tafkin kifi kaɗai ba ce. Ita ake sha, ita shanu ke sha, da ita ake ban ruwan albasar rani da Bawku ta yi suna da ita. Kifin da sana'arsa tonon laka ce zai ƙara dagula ruwan da dama can jawur yake a watan Maris. Idan madatsa ta cika ta tumbatsa, abin da ke cikinta Daka da Oti da Farin Volta zai nufa, kuma babu mai iya tsince shi bayan haka. Ghana ta riga ta ɗanɗana haɗarin da ke cikin kiwon kifi ba tsaro: cutar da ta ɓulla a kejin karfasa a ƙarshen 2018 ta jawo wa masu kiwo a tafkin Volta asara mai yawa.

Aikin da ya kamata a yi yana kan dumi. Cibiyar Binciken Ruwa ta ƙasa ta riga ta inganta irin karfasa a tasharta ta Akosombo, Jami'ar Nazarin Raya Ƙasa ta Tamale kuma tana da sashen kifi a Nyankpala. Su ne suka dace su gwada ƙyanƙyasar farin dumi da baƙin dumi, su auna girmansu a madatsun ƙauye tare da karfasa da tarwada, su kuma zauna da mata masu banda a Yeji da Makango kan yadda za a sarrafa su. Kafin nan, wajibi ne a kiyaye wanda ke cikin kogi. Dokar kamun kifi ta Ghana ta haramta guba da nakiya, amma datse bakin rafi da kalli a farkon ambaliya, lokacin da dumi ke haurawa da ƙwai a ciki, da jan gidan sauro a kududdufai, ba jami'in Akara ne zai hana su ba. Muna kira ga Hukumar Kula da Kamun Kifi da majalisun gundumomin Gwanja ta Gabas da Yendi da Bawku su haɗu da sarakunan ƙasa da shugabannin masunta, su tsayar da makonnin hutun kamun kifi a rafukan da dumi ke haihuwa, a kuma sanar da su a masallatai da majami'u da ranakun kasuwa kafin ruwan damina ya sauka.