Tarihin Mallakar Fili a Bompai da Sharaɗa da Challawa

Gabatarwa

Duk wanda ya sayi masana'anta a Bompai ko Sharaɗa ko Challawa yakan ce ya sayi fili. A wurin doka kuwa, abin da ya saya shi ne iznin zama a kan filin zuwa wani wa'adi, kuma cinikin ba ya ƙulluwa sai Gwamna ya yarda. Galibi akan ɗauka cewa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ce ta zo da wannan tsari. Maƙasudin wannan lacca shi ne a nuna cewa a ƙasar Kano tsarin ya girmi wannan doka da shekara 68, sa'an nan a bayyana wanda ya amfana da shi da wanda nauyinsa ya faɗa wa.

Kafin Zuwan Turawa

A zamanin Daular Usmaniyya ƙasa amana ce a hannun Sarki, shi kuwa ya wakilta hakimai da dagatai da masu unguwanni su kula da ita. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi musamman, watau Ta'alimur Radi, a kan hanyoyin da mutum ke samun haƙƙi a kan ƙasar da ba ta da mai ita. A karkarar Kano, inda jama'a ta yi yawa, gona takan canja hannu ta hanyar gado ko kyauta ko aro ko jingina, har ma da saye, kamar yadda binciken Polly Hill ya nuna. Shaidar ciniki ita ce dagaci da maƙwabtan gona, iyaka kuwa itatuwa ne da shinge. In rigima ta tashi sai a je gaban alƙali ko majalisar Sarki.

Dokar 1910

Turawa suka ci Kano cikin Fabrairu 1903. Wata guda bayan haka Lugga ya bayyana a Sakkwato cewa ikon da Fulani suka samu a kan ƙasa ta hanyar yaƙi ya koma hannun Gwamnatin Ingila ta wannan hanya. Magajinsa, Gwamna Girouard, ya sa aka kafa kwamiti a Landan cikin 1908 don ya duba sha'anin ƙasa a Arewa. Kwamitin ya tafi a kan cewa mutanen Arewa ba su san mallakar ƙasa ta mutum ɗaya ba, ra'ayin da bai dace da abin da ke gudana a gonakin Kano ba. A kan wannan ra'ayi aka gina dokar 1910, wadda aka sabunta cikin 1916. Dokar ta ce dukkan ƙasar Arewa, da wadda ake zaune a kai da wadda ba kowa, tana hannun Gwamna domin amfanin 'yan ƙasa, kuma babu wani haƙƙi da zai inganta a kanta sai da yardarsa.

Daga nan takardar shaidar zama, wadda jama'a ke kira satifiket, ta samo asali. Da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanonin Turawa da Kwarori suka nemi filaye a bayan ganuwa, sai aka riƙa ba su satifiket bisa kuɗin ƙasa na shekara-shekara. Cikin 1924 aka yi dokar rajistar takardun ƙasa. Ta haka Kano ta wayi gari da tsari biyu, watau na manomi wanda shaidarsa dagaci ne, da na kamfani wanda shaidarsa takarda ce da taswirar safiyo.

Dokar 1962 da Unguwannin Masana'antu

Bayan samun mulkin kai, Gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata dokar ƙasa cikin 1962. Ta ɗauke ikon daga Gwamna ta ba Minista, ta bar wa En'e lura da haƙƙin gargajiya, amma ginshiƙin 1910 yana nan yadda yake. Bompai, wadda ita ce mafi daɗewa, an shata ta tun zamanin Turawa a gabashin birni, inda ake da hanyar jirgi. Da aka ƙirƙiro Jihar Kano cikin 1967, masana'antu suka ƙaru, musamman bayan dokokin mai da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977, sai Sharaɗa ta bunƙasa kashi-kashi har uku a kudu maso yammacin birni, Challawa kuma ta zama matattarar masana'antun jima a kusa da kogi.

Yawancin waɗannan filaye gonaki ne. Hanyar karɓarsu ɗaya ce: Gwamnati ta soke haƙƙin manoma da sunan amfanin jama'a, safiyo ya auna ya kafa duwatsu, a yanka fuloti-fuloti, a raba wa masu jari. Tun da doka ta riga ta ce ƙasar ba ta manomi ba ce, diyyar da ake lissafa masa ta shuka ce da itatuwa da gini. Darajar da filin ya yi bayan an kawo titi da lantarki kuwa ta mai satifiket ce.

Dokar 1978

Ranar 29 ga Maris 1978 Gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamnanta bisa amana. Ga mutanen Kudu wannan babban juyi ne, amma ga Kano tsohon zance ne, domin dokar 1962 aka ɗauko aka shimfiɗa wa Nijeriya baki ɗaya. Daɗin daɗawa aka cusa ta cikin tsarin mulki na 1979 da na 1999, yadda ba ta gyaruwa sai ta hanyar da ake gyara tsarin mulki.

A ƙarƙashinta, mai son sayen masana'anta yakan fara da bincike a ofishin ƙasa, don ya tabbatar satifiket ɗin na gaske ne, ba a jinginar da shi ba, kuma ba bashin kuɗin ƙasa a kansa. Sa'an nan lauya ya rubuta takardar sallamawa, a nemi yardar Gwamna bisa sashe na 22, a biya harajin kan sarki, a yi rajista. Idan an sayar wa mutum biyu fili ɗaya, galibi wanda ya riga yin rajista shi ne a gaba. Abin da mai saye ya samu shi ne ragowar wa'adin satifiket, wanda bisa al'ada ba ya wuce shekara 99.

Nauyin yardar Gwamna ya fito fili cikin 1989, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo. Kotun Ƙoli ta yanke cewa jinginar da aka yi ba tare da yardar Gwamna ba ɓatacciya ce, ko da yake wanda ya ci bashin shi ne ya kawo wannan hujja don ya hana a sayar da gidansa. Shari'ar ta Ikko ce, amma hukuncin ya shafi kowane mai masana'anta a Kano da ke neman rance da satifiket ɗinsa.

Kammalawa

Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, ga kuma ƙarancin lantarki da kwararowar kayan waje, masana'antu da yawa a waɗannan unguwanni suka rufe, wasu aka mai da su ɗakunan ajiyar kaya. Sayar da su, ko jinginar da su, ko canja aikin da aka ba da filin dominsa, duk sai da izni. Cikin 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran sha'anin ƙasa ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, amma dokar ba ta canja ba. Jihar Kano kuma ta shigar da bayanan filaye cikin kwamfuta a hukumar KANGIS, abin da ya shafi adana takardu, bai taɓa tushen ikon ba.

Saboda haka duk mai neman gyara ya kamata ya fara da tambayoyi biyu da kwamitin 1908 ya bari a baya. Ta farko, wace diyya ta cancanci manomin da aka karɓi gonarsa? Ta biyu, in an riƙe ƙasa amana domin jama'a, gaban wa mai riƙon amanar zai ba da lissafi?