Obalende: Daga Sansanin Soja Zuwa Unguwa

Yaranmu da yawa in aka ce musu baƙi a Legas sai su yi shiru, don ba su san yadda unguwar nan ta samo asali ba. To, ga abin da ya kamata su riƙe.

A 1863 wani Bature, Kyaftin Gulba, wanda ya yi gwamnan Ikko, ya tara wasu mazaje, akasarinsu Hausawa da suka kuɓuta daga bauta, ya ba su bindiga. Wannan 'yar runduna ita ce tushen sojan Nijeriya na yau. Daga baya hukuma ta tashi sojojin daga inda suke a cikin gari, ta kawo su nan. Shi ya sa Yarabawa suke fassara Obalende da "sarki ne ya koro ni nan".

Ai sansani ba gari ba ne, wurin jiran umarni ne. Amma da tsofaffin sojoji suka ajiye kaki, ba su koma Arewa ba. Suka yi aure, wasu ma da 'ya'yan Yarabawa, suka ƙara ɗakuna, suka kafa rumfuna. Aka gina masallaci, almajirai suka fara karatun allo, mahauta suka hura wutar tsiren da har yau ake zuwa nema daga nesa. Haka wurin kwanan soja ya zama unguwa.

Mu dubi maƙwabtanmu. Barikin Dodan ne fadar mulkin ƙasar nan daga 1966 har Disamban 1991, lokacin da gwamnati ta koma Abuja. Sakatariyar Tarayya ta Ikoyi kuwa, da ma'aikata suka tafi, ta yi shekaru a kulle, tana lalacewa a gaban idonmu. Gini komai girmansa, in ba mutane, kufai ne.

Abin da ke damunmu yanzu shi ne ƙasa ta yi tsada, magada na sayar da gidajen gado, wasu ko takardar fili ba su da ita. Don Allah mu nemi takardunmu, mu raba gado bisa shari'a tun kafin rigima ta tashi, mu gyara rufin da ke yoyo. Kada abin da kakanni suka raya ya mutu a hannunmu.

Allah ya jiƙan magabata, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.