Daga Gyara zuwa Garabasar Intanet a Kasuwannin Gusau

Gyara ita ce ɗan ƙarin da mai sayarwa ke yi wa mai saye bayan an gama ciniki. Mai hatsi ya ƙara tafi guda a kan mudu, mahauci ya jefa tsoka, mai ƙosai ta ɗora biyu a kan na kuɗi. Al'adar ta girmi Gusau kanta, wadda Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa a farkon ƙarni na 19 bayan tasowarsa daga 'Yandoto, tsohon garin malamai da ke kusa da Tsafe. A wancan lokacin da kuɗin wuri ake ciniki, kuma kaya ba su da tsayayyen farashi. Mai saye ya yi tayi, mai kaya ya ce albarka, a yi ta ja har a sallama. Sai an sallama ake maganar gyara, kuma wannan jeri yana da muhimmanci: mai saye ya riga ya ga kaya, ya taɓa, ya san abin da zai biya. Gyara ba ta shiga lissafin farashi. Aikinta ƙulla zumunci, domin mutum ya dawo wata kasuwar.

Zuwan jirgin ƙasa ya sauya wannan jeri. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, fataken gyaɗa suka riƙa raba wa manoma gishiri da tufafi tun kafin kaka, don su kawo musu amfanin gona. A nan kyauta ta fara riga ciniki zuwa. Layin da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, sai garin ya zama babbar cibiyar sayen gyaɗa da auduga. Kamfanoni irin su UAC da John Holt suka buɗe kantuna, Kwarori suka shigo, dillalai suka bazu ƙauyukan Bunguɗu da Tsafe. Manomin da ya karɓi kyauta ko bashi da damina ya ɗaure kansa, domin ranar awo ba shi ne ke riƙe da sikeli ba. Abin da aka ba shi a hannu yakan fita ta wajen nauyi ko farashi. Kanti kuma ya kawo rubutaccen farashi, wanda ya zo da nasa salon rangwame: a faɗi kuɗin da, a faɗi na yanzu.

Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, kuma kamfanoninta ne suka yaɗa kalmar garabasa a rediyo da alluna: ƙarin kati, kiran dare kyauta, daga baya ƙarin data. Mutane suka gane da wuri cewa irin wannan ƙari yana da wa'adi, kuma sau da yawa ana cajinsa da tsada fiye da kuɗin da mutum ya sa. A 2012 aka kafa kasuwannin intanet na Jumia da Konga, suka shigo da rangwamen watan Nuwamba da aka aro daga Amurka. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tura ƙananan 'yan kasuwa da dama zuwa manhajojin biyan kuɗi irin su OPay da PalmPay da Moniepoint, yayin da mata masu sayar da atamfa da turare suka mai da WhatsApp da Facebook rumfunansu.

Akwai araha ta gaskiya a wannan sabuwar kasuwa, kuma bai dace a musanta ta ba. Matar da ba ta fita tana iya kwatanta farashin Kantin Kwari na Kano da na Gusau daga ɗakinta. Sai dai mai saye ya rasa abubuwan da suka kare kakanninsa: ba ya taɓa kaya, bai san mai kaya ba, babu sarkin kasuwa da zai kai wa ƙara. Shi ya sa gogaggun masu saye ke haɗa lissafi kafin su tura kuɗi. Sukan ɗora kuɗin mota daga Legas ko Kano a kan farashin, su tambayi nawa kayan yake a kasuwar gari, su bincika ko ana mayarwa in ya zo da aibi. Sukan kuma duba ko an ɗaga tsohon farashin ne kawai don ragin ya yi girma a ido. Hausawa na cewa araha ba ta ado, kuma yadin da ya koɗe a wankin farko shaida ne.

Mafi haɗari ita ce kyautar da ba ta tare da kaya. Saƙonnin rabon data ko tallafi da ke yawo a WhatsApp kan nemi lambar BVN ko lambar sirrin da banki ya turo, kuma wanda ya bayar ya buɗe asusunsa ga ɓarawo. Haka ma tsare-tsaren zuba kuɗi na bogi: MMM ta yi alƙawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, ta rufe asusun jama'a a Disambar 2016. CBEX ta durƙushe da kuɗin mutane a Afrilun 2025. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, tana karɓar koke a kan kamfanoni, amma da wuya ta iya kaiwa ga mai sayarwar da ba a san shi da komai ba sai lambar waya.