Ƙota da Ƙarfe: Tarihin Neman Saiti a Bindiga

Kowane manomi ya san halin ƙota. Idan hunturu ya kama, sai ruwan fartanya ya riƙa girgiɗi, domin itace ya bushe ya tsuke; da damina kuwa sai ya kumbura ya riƙe ƙarfen gam. Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu nuna cewa wannan hali na itace ya daɗe yana wahalar da maƙeran bindiga na Turai da Amurka, har ya sauya yadda ake ƙera ta.

Doguwar bindiga tana da sassa uku: bututu, da uwar ƙarfe, wato inda harsashi yake shiga kuma kunama take aiki, sai ƙotar katako da ke ɗauke da su. Idan aka harba, ƙarfen yakan zabura baya, bututun ya yi rawa. Muddin uwar ƙarfe ba ta koma daidai mazauninta a cikin ƙota ba, harsashi na biyu ba zai bi sawun na farko ba. Kuskuren da bai kai kaurin gashi ba a ƙota, yakan zama tazara mai yawa a nesa.

Mu ɗauki Lee-Enfield, wadda sojan Ingila suka fara riƙewa a 1895. Ita ce kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka ɗauka zuwa Bama a Yaƙin Duniya na Biyu. A lokacin yaƙin, akan ware waɗanda suka fi saiti a kai wa kamfanin Holland & Holland na Landan, ya gyara su domin gwanayen harbi. A 1949 aka fito da samfurin No. 4 Mk 2, inda aka mayar da kunama jikin uwar ƙarfe, saboda kada kumburin katako ya sauya nauyin janta.

Amurkawa ma sun ɗanɗana kuɗarsu. A 1966 sojan kundumbalarsu na ruwa suka karɓi bindigar M40, wadda aka gina a kan Remington 700. Laimar dazuzzukan Biyetnam ta riƙa karkata ƙotar katakon, saiti ya riƙa gocewa. Ga wanda ransa ya rataya a kan harbi ɗaya, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. A shekarun 1970 aka sauya ƙotar da ta zaren gilashi, aka sa wa bindigar suna M40A1.

Tun kafin nan, maƙera sun gano dabarar shimfiɗa wa ƙarfe gado. Akan zuba wani irin danƙo mai sandarewa a cikin kwarmin ƙota, a dasa uwar ƙarfe a kai, har danƙon ya ɗauki siffarta sak. Bututun kuwa akan bar shi ba ya taɓa komai, don ya yi rawarsa iri ɗaya a kowane harbi.

Mataki na gaba shi ne rabuwa da katako. Malcolm Cooper, Baturen Ingila da ya ci lambar zinariya ta harbi a gasar Olamfik ta 1984 da ta 1988, yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin Accuracy International a 1978. Bindigarsu L96A1 tana da ƙashin gorar ruwa, wanda aka manna uwar ƙarfe a jikinsa. Ita ce ta gaji L42A1, jikanyar Lee-Enfield, a hannun gwanayen harbin Ingila.

A ƙarshe, muna iya cewa ido yakan tafi ga bututu da harsashi, alhali saiti yana kwance ne a mahaɗar da ba a gani. Harsashin da ya goce kuwa ba ya tambayar wa ya tarar.