Tubali da Bulo: Abin da Kalmomin Gini Ke Faɗa a Dutse

Duk da sunan Dutse da duwatsun da suka kewaye shi, tsofaffin gidajen Garu, unguwar da fadar sarki take, da ƙasa aka tayar da su. Sunan unguwar ma daga gini ya fito, domin garu katanga ce mai kauri. Bahaushe bai ware wa aikin dutse wata kalma daban ba. Gini ne ya haɗe komai, tun daga ganuwar birni har tukunyar da maginiya ke ƙerawa.

Kalmar da ta fi dogon tarihi ita ce tubali. Masana harshe da dama suna danganta ta da "ɗub" na Larabci, wanda shi ma aro ne daga harshen Kibɗawan Masar, tushensa kuma yana cikin Misiranci na zamanin Fir'auna. Wannan saiwa ce ta ratsa Andalus ta shiga Sifaniyanci. Sai dai ko da sunan baƙo ne, siffar ta gida ce: magini yakan kwaɓa ƙasa da ciyawa, ya mulmula ta da hannu, gindi da faɗi kai a tsuke, ya shanya a rana, sannan ya jera tsinin yana kallon sama, ya cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Babu ma'auni sai ido da tafin hannu.

Zuwan Turawa ya kawo bulo da siminti da birkila, dukkansu aro daga Ingilishi. Tun da Dutse ya zama babban birnin Jigawa a 1991, da waɗannan aka tayar da ma'aikatu da sababbin unguwanni. Abin da ya fi ciwo shi ne, ƙasar da aka gasa a wuta ma ba ta gaji tsohon suna ba, jan bulo ake ce mata. Tubali ya koma bakin masu jawabi, ana aza tubalin makaranta, ana kushe shiri da cewa tubalin toka ne, alhali yara da yawa a birni ba su taɓa riƙe shi ba.

Ambaliyar 2022 ta rushe gidajen ƙasa da yawa a Jigawa, kuma ba wanda zai zargi mai neman bulo. Amma ɗakin tubali ya fi sanyi a bazara, kayansa kuma a kusa suke. Ya kamata Jami'ar Tarayya ta Dutse ta zauna da tsofaffin magina, ta rubuta kalmominsu da dabarunsu tun suna raye.