Tarkon Ƙamshi da Koren Ƙuda: Nazari kan Dacewarsa da Kiwon Tumaki a Yammacin Zamfara

Shigar tsutsa cikin raunin dabba mai rai na daga cikin lalurorin da ke rage darajar tumaki a ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum, musamman da damina, lokacin da laima da kaska da ciwon kofato suke yawaita a fadamun Gulbin Zamfara. Tushen lalurar shi ne koren ƙuda, wanda macensa kan zuba ƙwai a bakin miki, su ƙyanƙyashe cikin yini guda, tsutsotsin su yi ta cin nama har kusan mako kafin su faɗo ƙasa su rikiɗe.

Tarkon sinadari, wato mazubi mai ƙananan ƙofofi da ake sanya wa haɗin da ke kwaikwayon warin ruɓa, ya bunƙasa ne a jihar Kwinsland ta Ostareliya a shekarun 1990 da sunan LuciTrap. Haɗin ya ƙunshi sinadarai masu ƙibiritu da indol da asid na butirik, kuma akan kafa tarko ɗaya ga tumaki 100. Sai dai an tsara shi ne domin Lucilia cuprina, ƙudan da ke bin jiƙaƙƙen ulun tumakin Merino da fitsari ko zawo ya ɓata, alhali Uda da Balami da 'Yanƙasa da ake kiwo a Zamfara gajeren gashi gare su. A nan ƙofar tsutsa ita ce rauni: cibiyar jinjirin tunkiya, da wajen dandaƙa, da cizon kaska, da gindin ƙahon ragunan da suka yi karo. Ƙudan da ya fi haɗari ga irin wannan rauni a Afirka shi ne Chrysomya bezziana, wanda tsutsarsa ba ta rayuwa sai a naman mai rai, shi ya sa masu bincike suka haɗa masa nasa sinadarin mai suna Bezzilure.

Saboda haka kuskure ne a ɗauki tarkon a matsayin magani. Amfaninsa na farko shi ne sa ido, domin idan aka kafa shi a kwata da kasuwannin dabbobi da mashaya, aka kai abin da ya kama ga Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, za a tantance jinsin ƙudan da watannin da yake ƙaruwa. Darasin Libiya, inda wani ƙudan tsutsa daga nahiyar Amurka ya ɓulla a 1988 kuma aka kawar da shi a 1991 ta hanyar sakin mazan da aka hana haihuwa, ya nuna cewa gano jinsi da wuri ne ke ba da nasara.

Ga makiyayin da garkensa ke yawo, kuma rashin tsaro ya nisanta shi da malamin dabbobi, duba rauni kullum da wanke cibiya da binne mushe sun fi tarko sauƙi. Masu kiwon turke na ragunan layya, waɗanda dabbobinsu ke wuri ɗaya, su ne ya dace a fara gwajin tarkon da su.